Yadda ake canza famfon tandam idan ya fara yoyo a motar dizal

A ƙarshen tof silinda, ta ɓangaren giyabos, injin 1.9 TDI na Volkswagen yana da wani dunƙulen alminiyom da tiyo uku ke shiga jikinsa. Shi ne famfon tandam, kuma aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana tura gas, wato man dizal, zuwa injektoci masu fesa shi cikin silinda, yana kuma zuƙe iska daga tukunyar birki domin ƙafar direba ta samu sauƙin taka feda. Kamshaf ne ke juya shi kai tsaye, babu bel, babu wayar lantarki. Noti huɗu ne ke riƙe da shi, kuma wanda hannunsa ya saba da sufana zai iya canza shi tsakanin hantsi da azahar. Abin da ya sa na ga ya cancanci dogon bayani shi ne yadda ake raina yoyonsa. Direba zai ga ɗigon gas a ƙasa da safe ya ce ai ɗan gumi ne, alhali abin da ke ɗigar nan shi ke riƙe da birkinsa, kuma 'yar roba ce kawai tsakanin gas ɗin da ke cikinsa da baƙin man inji.

Ka fara tabbatar da irin injinka

Yawancin Golf da Sharan da ke lodi a tashoshin Gusau masu shan fetur ne, kuma ba su da wannan famfo sam. Injin fetur yana samun zuƙar iska kyauta, domin totur yana shaƙe hanyar iskarsa. Injin dizal kuwa da yawan man da ake fesawa ake sarrafa gudunsa, hanyar iskarsa a buɗe take, don haka dole a ɗaura masa famfon da zai yi wa birki wannan aiki.

Ko a cikin masu shan gas ɗin ma ba duka ba ne. Buɗe bonet ka cire murfin roba na saman inji. Idan ka ga bututun ƙarfe huɗu sun taso daga wani babban famfo da taimin bel ke juyawa sun nufi nozul, to naka tsohon tsari ne, irin na Golf 3 da Sharan na farko-farko, kuma wannan bayani bai shafe ka ba. Haka ma sababbin da suka fara fitowa wajen 2008, su ma suna da bututun ƙarfe a waje. Wanda muke magana a kai shi ne na tsakiya, wanda ake kira PD, da ya fito a ƙarshen shekarun 1990. A shi ba za ka ga bututun ƙarfe ko ɗaya ba, domin kowace silinda tana da injektarta mai famfon kanta a ɓoye ƙarƙashin murfin tof silinda, kamshaf yana danna ta har matsin mai ya kai bar 2,050 (bar shi ne ma'aunin matsi). Za ka same shi a Sharan daga 2000 zuwa sama da 'yan uwanta Ford Galaxy da SEAT Alhambra, da wasu Golf 4, da Golf 5, Passat, Touran, Caddy, Skoda Octavia da Audi A3 da A4. Lambar injin tana kan 'yar takarda a murfin taimin bel: AJM, ATD, AUY, ASZ, AVF, AWX, BKC, BXE da makamantansu. Rubuta ta a wayarka, za ka buƙace ta wajen mai sayar da kaya.

Shi ne ke yoyon, ko wani ne ke zuba masa?

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci, domin a nan kuɗi ke salwanta. Wurin da famfon yake mahaɗa ce. A samansa akwai gaskit ɗin murfin tof silinda, wanda idan ya tsufa baƙin mai ke gangarowa ya wanke famfon. A ƙasansa akwai mahaɗar tiyon ruwan lagireto, ta roba ce, ita ma tana tsagewa. Idan ƙurar hunturu ta hau kan wannan danshi, komai sai ya koma baƙin laka iri ɗaya, ba ka iya cewa daga ina ya taso.

Sai a wanke. Bari injin ya huce, ka goge wurin da burushi da ɗan kananzir, ka bi da ruwan omo, ka bar shi ya bushe sarai. Daga nan ka samo hodar jarirai ka busa ta a jikin famfon, da layin da ya haɗu da tof silinda, da bakin kowane tiyo, har wurin ya yi fari. Tayar da motar ka bar ta tana silo, ka riƙa ɗan ba ta wuta, kana haskawa da tocila. Inda yoyon yake, hodar za ta fara yin duhu daga ɗigo ɗaya, ka ga layin yana tafiya ƙasa a hankali. Inda ɗigon ya fara za ka duba, ba inda ya ƙare ba. Taɓa shi da farar takarda: gas yana bazuwa nan take, ba shi da kauri, kuma warinsa ba ya ɓuya. Baƙin mai yana zama wuri ɗaya baƙi ƙirin. Ruwan lagireto kuwa yakan bar farin busasshen tabo.

Idan daga bakin tiyo ne, tiyo da kilif za ka canza, ka huta. Idan daga layin da famfon ya kwanta a jikin tof silinda ne, to gaskit ne, famfonka lafiyarsa ƙalau, za ka bi duk matakan da ke ƙasa amma tsohon famfon za ka mayar da sabon gaskit. Idan kuwa daga murfin famfon kansa ne, inda notocin jikinsa suka haɗe shi, to famfon ne ya gaji.

Akwai yoyon da ido ba ya gani, kuma shi ne mafi muni. Famfon kamar ɗaki biyu ne da bango ɗaya ya raba: ɓangaren gas, da ɓangaren zuƙar iska wanda baƙin man inji ke shiga yana sa masa santsi. Idan sil ɗin da ke tsakani ya mutu, gas sai ya riƙa tsiyaya cikin baƙin mai. Alamarsa ita ce gejin baƙin mai ya riƙa hawa maimakon sauka. Direba yakan yi murna cewa motarsa ba ta shan mai, alhali man ne ke tsinkewa. Zaro gejin da safe kafin a tayar da mota, a wuri mai daidai, ka ɗiga a farar takarda. Idan ka ga baƙin ɗigo a tsakiya da faffaɗan zobe mai haske ya kewaye shi da sauri, ga kuma warin gas, kada motar ta sake fita. Kamshaf ɗin injin PD dama yana shan wahala saboda shi ke danna injektoci, kuma tsinkakken mai yana cinye shi cikin ɗan lokaci. Idan man ya cika ya wuce iyaka, injin yana iya fara shan nasa man ta hanyar iska ya riƙa ihu da farin hayaƙi, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. In hakan ta faru, taka birki da ƙarfi, sa babbar giya, ka saki kuloci ya shaƙe.

Sai dai a yi wa famfon adalci. Kowace injekta tana da zobban roba a jikinta, kuma idan suka mutu su ma suna sakin gas cikin baƙin mai, suna kuma sa mota wuyar tashi da safe. Alamun iri ɗaya ne. Famfon yana da wani noti a jikinsa da ake cirewa a ɗaura agogon awo, kuma matsin yana hawa ne da gudun inji har bawul ɗin ciki ya tsayar da shi wajen bar 7.5. Bakaniken da ke da wannan agogo zai iya gaya maka ko famfon na turawa yadda ya kamata kafin ka sa hannu a aljihu.

Ɓangaren iska kuma da ƙafa ake gane shi. Birki ya yi tauri, musamman idan an taka sau biyu ko uku a jere cikin cunkoso. Mota ta rasa ƙarfi idan ta ɗauko lodi, domin da wannan iskar ake buɗe turbo da rufe shi. A wasu, injin yakan yi wata girgiza idan an kashe shi. Kama ɗan bututun ƙarfe da ke saman famfon, inda tiyon birki ke shiga, ka girgiza shi da yatsa. Idan yana rawa a gurbinsa, iska na shiga ta nan. Amma kafin ka yanke wa famfon hukunci, bi baƙin tiyon roba mai tauri da ya tafi tukunyar birki, ka lanƙwasa bakunansa a hankali kana dubawa. Zafin inji da zafin ranar Zamfara suna busar da shi ya tsage ta ƙarshe, kuma ya fi famfon araha nesa ba kusa ba.

A irin wannan lokaci ne za ka ji direba na cewa, “Maigida, a shafa mata gam mana, in kai lodin ga Funtuwa in dawo, sai a yi aikin da kyau.” Amsar da ta dace ita ce wadda na ji wani dattijon bakanike ya bayar: “Alhaji, gam bai riƙon gas. Kuma birkinka na nan ciki.” Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Tsakanin Gusau da Tsafe, ko hanyar Ƙauran Namoda, ba wurin da mutum zai so mota ta mutu masa da fasinja da yamma ba ne.

Sayen famfo

Lambar Volkswagen ta famfon injin 1.9 tana farawa da 038 145 209, sai harafi a ƙarshe. Ta gaskit kuma 038 145 345. Injin 2.0 TDI mai bawul 16 nasa daban ne, lambarsa na farawa da 03G, kuma ba ya hawa kan 1.9. Kamfanoni biyu ne suka yi wa Volkswagen famfon, LuK da Bosch, sunan yana jikin murfin. Ɗauki hoton lambar da ke jikin naka ka tura wa mai kaya, domin da wuya ka same shi a ajiye a Gusau. Galibi sai an aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas.

Sabo na asali ya fi, ba gardama. Idan aljihu bai kai ba, ni na fi yarda da ɗan Beljiyam na asali da aka ciro daga inji a kan sabon da ba shi da suna a jiki, mai ƙyalli a kwali. Araha ba ta ado, balle a kan birki. Idan na hannu za ka saya, girgiza bututun iskar ka ji ko yana rawa, juya haƙorin bayansa da yatsa ka ji yana tafiya sumul da ɗan nauyi ba tare da kakarewa ba, ka duba fuskarsa babu karce, notocin murfinsa kuma babu alamar an taɓa kwance su. Ku yi magana da mai kaya tun farko cewa in bai yi ba za a dawo da shi.

Gaskit kam sabo za a sa, ko da tsohon ya yi kyau a ido. Faranti ne na ƙarfe da aka bi da siririyar roba kewaye da kowace kafa, kuma idan an matse shi sau ɗaya robar ta kwanta ke nan.

Ana sayar da robobin gyaran cikin famfon, wasu kuma suna buɗe shi su canza. Littafin gyara na Volkswagen ya hana buɗe shi, dalilinsa kuwa shi ne idan ɓangaren iska ya samu matsala taimakon birki zai ɗauke. A gareji mai ƙasa da iska na kwaso yashi, ina ganin buɗe shi gyaran gangar Auzinawa ne.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki mai lamba 5 da 6, zai fi kyau irin wanda ake sa wa a soket da ɗan tsawo, filaya ta matse kilif, sukundireba, sufana mai awon ƙarfin ɗauri in da hali, ƙaramin madubi, tocila, tsummoki, leda mai tsabta, kwalbar roba, siririn tiyo mai nuna abin da ke ciki, da famfon hannu na zuƙa ko babban sirinji. Ka haɗa da sabuwar filtar gas, in kuma gas ya shiga baƙin mai, da kayan juye.

Cirewa

A injin da ya huce ake aikin. Gas ɗin da ke dawowa daga tof silinda yana da zafi sosai, har akwai ɗan lagireto a ƙarƙashin motar don sanyaya shi kafin ya koma tanki. Ka ajiye motar inda iska ba ta kwaso ƙura, in ƙasa ce a yayyafa ruwa.

Cire kan batir na nagatif. A motocin da injinsu ke kwance a gicciye, wato Golf, Sharan, Touran da Caddy, famfon yana ɓangaren direba. Cire murfin inji, zare soket ɗin sensar iska, ka fitar da akwatin iyakilina da babban tiyonsa. Idan batir ya tare hannu, shi ma a fitar. A Passat da Audi A4 masu injin tsaye, famfon yana can baya dab da bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja, wurin matsattse ne, da madubi da laluben yatsa za ka yi rabin aikin. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, ka sake wanke kewayen famfon. Ƙwayar yashi ɗaya da ta shiga kafar gas, injekta za ta nufa.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa. Akwai hanyar gas a cikin tof silinda kanta, cike take, kuma da ka ja famfon za ta kwararo, wani ya bi kan tiyon ruwa, wani ya shiga cikin inji. Don haka a fara zuƙe ta. Je wurin filtar gas, za ka ga tiyo biyu da suka nufi inji: mai kai wa yana da farar alama, mai dawowa yana da shuɗiya. Zare su duka biyun, ka haɗa famfon hannu ko sirinji a mai shuɗiyar alama, ka yi ta ja kana juyewa a kwalba har ya daina zuwa. Kada ka bar yaron gareji ya sa baki ya zuƙa kamar yadda aka saba. Gas idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ciwo ne na asibiti.

Shimfiɗa leda a kan tiyoyin ruwa da ke ƙarƙashin famfon, ka ɗora tsumma a kai. Gas yana kumbura robar tiyon ruwa ya mayar da ita laushi. Idan famfon ya daɗe yana ɗiga, matsa tiyoyin da yatsa tun yanzu. Wanda ka ji ya yi taushi ko ya kumbura, ka sa shi cikin lissafi, domin zai fashe maka a hanya.

Kusa da famfon akwai wani soket mai da'ira a jikin tof silinda, shi ke kai wuta ga injektoci. Murɗa shi a hankali ka zare, ka kawar da shi gefe, ka rufe bakinsa da leda. Sannan zare tiyon iska daga saman famfon. Kada ka yi ta jijjiga shi hagu da dama, musamman in tsohon famfon za ka mayar, domin haka ake kwance bututun. Matse kilif ɗin tiyon gas mai farar alama, ka ja kilif ɗin baya, ka murɗa tiyon ya saki kafin ka ja. Toshe bakinsa.

Yanzu notoci. Biyu manya a sama, biyu ƙanana a ƙasa. Na saman ba su da wuya. Na ƙasan ne ke ɓuya, kuma kansu yakan cika da laka. Tsokale ramin da siririyar waya har ka ji ƙasansa, ka tura alankin ya zauna har ƙarshe kafin ka murɗa. Idan ya zauna rabi ka yi ƙarfi, ramin zai cinye, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Kada ka kuskure su da notocin da suka haɗa murfin famfon kansa. Duba sabon famfon da ke hannunka, ramuka huɗun da suka ratsa shi su ne naka.

Idan duk sun fita, ja famfon waje kai tsaye. In ya manne, ɗan bubbuga shi da ƙotar sukundireba, kada ka cusa ƙarfe tsakaninsa da tof silinda. Da ya rabu, ɗaga shi sama kaɗan, za ka samu hanyar kaiwa ga tiyo mai shuɗiyar alama da ke maƙale ta ƙasa. Matse kilif ɗinsa ka zare. Ɗan gas da baƙin mai za su zubo, tsumman da ka shimfiɗa zai tare. Duba bayan famfon ka tabbata haƙorin da ke shiga kamshaf ya fito tare da shi, ba a bar wani yanki a ciki ba.

Ɗaurawa

Fuskar tof silinda alminiyom ce, ba ta son samfefa ko reza. Goge ta da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, kana gogewa daga ramukan zuwa waje. Abin da ya manne, kankare shi da gefen tsohon katin roba. Bi da yatsa, in ka ji sumul ko'ina, ya yi. Ramukan notoci ma a tsane su, domin mai da ya taru a ciki yana hana noti zama.

Ajiye tsohon famfo da sabon gefe da gefe, ka tabbata bakunan tiyo da ramuka sun yi daidai. Ɗiga baƙin mai mai tsabta a ɓangaren haƙorin ka juya shi da yatsa, kada ya fara aiki a bushe. Leƙa ƙarshen kamshaf da madubi ka ga yadda tsagarsa ta tsaya, ka juya haƙorin famfon ya fuskanci daidai wannan tsayuwa.

Ɗora gaskit a busasshe. Ta fuska ɗaya kawai ramukansa ke dacewa, ka duba kowace kafa ta buɗe. Babu gam, ko ɗigo. Kafar da baƙin mai ke bi ya shiga famfon ƙarama ce ƙwarai, kuma gam ɗin da aka matse yakan tsinke ya toshe ta, ko ya bi gas ya tafi injekta.

Fara mayar da tiyo mai shuɗiyar alama da kilif ɗinsa tun famfon yana hannu, domin in ya zauna hannu ba ya kaiwa. Zura notocin sama biyu ta cikin famfon da gaskit su riƙe shi kada ya zame, sannan ka kai famfon gurbinsa. Idan haƙorin ya shiga tsagar, za ka ji famfon ya kwanta lif da tof silinda da ƙarfin hannu kawai. Idan ka ga tazara, bai shiga ba. Fito da shi, ɗan juya haƙorin, sake gwadawa. Kada ka taɓa jawo shi da noti, haƙorin zai karye ko jikin famfon ya tsage.

Kama duka huɗun da yatsa tukuna, sannan ka riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye. A sufana mai awon ƙarfin ɗauri, na sama 20 Nm, na ƙasa 10 Nm. Wannan ɗauri ne mara yawa, musamman na ƙasan, wanda da wuyan hannu ake yinsa, ba da kafaɗa ba. Yaran gareji sun saba da ɗaure komai har sai ya yi ƙara. In ka ji yaro ya ce, “Oga, in ƙara mai?” amsar ita ce, “Bar shi hakanan, wanga ba notin taya ba na.” Zaren da ke cikin alminiyom idan ya tsinke, sai an nemi mai gyaran zare, a wurin da ko hannu da ƙyar yake shiga.

Mayar da tiyo mai farar alama, da tiyon iska, da soket ɗin injektoci har ka ji ya kulle. Kilif ɗin da ya saki a canza shi, kada a ɗaure da waya. Sa sabuwar filta, ka mayar mata da farin tiyo, amma ka bar shuɗin a waje tukuna.

Tayarwa da gwaji

Hanyar gas yanzu cike take da iska, kuma injin PD yana da taurin kai a wannan hali. Haɗa famfon hannun a shuɗin tiyo ka yi ta ja. Da farko iska ce za ta zo, sai kumfa, sai gas mai kumfa, daga ƙarshe gas zalla a cikin siririn tiyon. Sai a lokacin za ka mayar da shi kan filta. Wasu motocin suna da ƙaramin famfon lantarki a tanki, za ka ji ɗan kukansa idan ka murɗa makulli. In taka tana da shi, kunna ka kashe sau da yawa ba tare da ka yi kik ba, zai taimaka.

Idan gas ya shiga baƙin mai, yi juye da sabuwar filtar mai kafin ka tayar, ba bayan ba. Injin PD yana son mai mai lambar VW 505 01 a jikin galan, galibi 5W-40.

Mayar da iyakilina da batir. Yi kik na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka huta kamar minti ɗaya, ka sake. Yana iya ɗaukar zagaye da dama, don haka a tanadi batir mai caji. Kada a fesa fetur ko maganin sauro a hanyar iska don ta tashi da wuri. Hitocin injin suna iya kunna shi kafin lokaci, bugun kuma fistin ne ke shan sa. Idan ta kama za ta yi ɗan karkarwa da hayaƙi, sannan ta daidaita.

Bar ta tana silo, ka cire ledar da tsumman, ka goge wurin, ka sake busa hoda. Duba layin gaskit da bakin kowane tiyo, ka ba ta wuta ka sake dubawa.

Kafin taya ta juya, gwada birki. Kashe injin, ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Riƙe ta a take, ka tayar da motar. Ya kamata fedar ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka cikin daƙiƙa kaɗan. In ta nutse, famfon yana zuƙa. In ta tsaya ƙyam, kada ka fita: ko dai tiyon iska bai zauna ba, ko ya tsage, ko famfon da aka sayar maka mataccen ne. Mai agogon awon iska zai ga allura ta kai wajen bar 0.8 zuwa 0.9 a famfo mai lafiya. Sake kashe motar, ka jira mintuna kaɗan, ka taka. Taku na farko da na biyu ya kamata su zo da laushi. In tun na farko ya yi tauri, bawul ɗin da ke kan tiyon, mai hana iska komawa, shi ne ya lalace, ko kuma tukunyar birkin kanta tana shan iska.

Daga nan ka fita da ita layin da babu jama'a, a hankali, kana taka birki a jere. Sai ka hau titi ka ba ta wuta ka ji ko turbo ya dawo. Da ka dawo, sake haska wurin da tocila.

Washegari da safe, a wuri mai daidai, zaro gejin baƙin mai ka ɗauki hoton inda man ya tsaya, ka lura kuma ko ta tashi a kik ɗaya. Ka riƙa dubawa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, har mako biyu. Idan man ya ci gaba da hawa, ko tana wuyar tashi bayan ta kwana alhali babu ɗigo a waje, to zobban injektoci ne suka rage. Wannan aikin yana buƙatar cire murfin tof silinda, da sababbin notocin riƙe injekta domin tsofaffin ba a mayar da su, da saita kowace injekta bayan an ɗaura, don haka ka kai wa wanda ya taɓa yin sa a injin PD.